Kwamfutar da Ba Ta San Darakta Ba

Wata rana wani mai ɗaukar hoton biki a Gusau ya ce manhajar kwamfutarsa ta tsufa, sabuwar Linux zai ɗora.

Sunansa Cindo. Amma tun da ya sayi babbar kyamara ya hana kowa kiransa haka, sai dai Darakta.

A cikin kwamfutar akwai hotunan wani biki da bai miƙa ba tukuna. Ba su da kwafi ko'ina.

Kuma angon soja ne.

Yayarsa Zulai ce ta haɗa masa kwamfutar tun farko. Ta raba ma'ajiyarta gida biyu: ɓangare ɗaya na manhaja, ɗaya na kayansa, wanda ake kira home. Ta ja masa kunne cewa duk ranar da zai canja manhaja, ya nuna wa sabuwar manhajar wannan ɓangaren ta ɗauka yadda yake, kada ya kuskura ya taɓa akwatin fomat, wato na goge komai.

Gaskiya ya kiyaye. Ya zaɓi ɓangaren, ya bar akwatin, har yana fito.

Da aka zo wurin rubuta sunan mai kwamfuta, sai ya gyara zama ya rubuta darakta.

Kwamfuta ta tashi fes.

Ya buɗe wurin hotuna. Wayam.

Ko ɗankwalin amarya babu.

Ya rufe, ya sake buɗewa. Ango ya kira, bai ɗauka ba. Ya fara tunanin ko ya tafi Kwatano ya kama sayar da shayi.

Can ya ce tunda komai ya tafi, bari ya goge kwamfutar gaba ɗaya, ya ce wa sojan cuta ce ta cinye. Har ya mayar da filashin da ya ɗora manhajar da shi, ya kai kibiya kan akwatin fomat, sai ya ga gara ya fara kiran Zulai ya sauke mata laifin.

Ta bari ya gama bambaminsa tsaf.

"Da wane suna ka shiga?"

"Darakta mana, Yaya."

"To, Cindo ne ya ba kwamfutar ajiya. Ka je ka turo shi ya karɓa."

Ashe kwamfutar sabon ɗaki ta buɗe wa baƙon suna. Tsohon ɗakin mai sunan cindo yana nan gefe a rufe, ba abin da ya taɓa shi.

Ya sake ɗora manhajar, ya nuna mata ɓangaren nan, ya bar fomat. Wurin suna ya waiga hagu da dama, sannan ya rubuta cindo.

Sai ga amarya tana murmushi, ga ango cikin kaki.

A ranar ya kai hotunan bariki da ƙafarsa.

Darasi: In ka buɗe ka ga wayam, kada ka yi saurin gogewa, ka fara tambayar wanda ya sani. Kuma komai girman laƙabinka, ajiyarka tana hannun sunan da aka raɗa maka.

Ka tura wa abokinka da ya koma Oga dare ɗaya. In ya yi fushi, ka ce ni na aiko ka.