Takardun Teku a Filin Mitin

Shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi, kowane mai babbar riga ya zama masanin dimokuraɗiyya, ƙanwata ta dawo hutu daga karatu a waje da kwali cike da takardu.

Aikinta a kan wasu tsirrai ne da ke yawo a ruwan teku, waɗanda ido ba ya gani. Ta koya wa kwamfuta ta lissafa yadda iri-irinsu ke zama tare, da waɗanda ke rinjaye idan abinci ya yi ƙaranci a ruwan, ƙananan ko manyan. Shekara uku tana wannan. Zafin mota ya lalata faifan kwamfutar da ta adana aikin a ciki, takardun nan kaɗai suka rage, da su za ta rubuta littafin digirinta.

Ni ma na raina abin, ba zan ɓoye ba. 'Yar Sabon Gari da ko gulbi ba ta iya tsallakewa, wai teku.

Amma kawunmu ya fi ni. Shi ne shugaban jam'iyyarsu a unguwa, mutumin da ko jarida sai an karanta masa, kuma kullum da ita a hammata. Ranar da za su yi mitin a garin Tsibiri ya sa aka gasa wa magoya baya tsire, aka rasa abin naɗewa. Ya shigo gida ba ta nan, ya ga kwali a zaure, ya sa aka ɗora a mota.

Da ta tare shi da la'asar, ko kunya bai ji ba.

"Kawu, ina takarduna?"

"Wanga tarkace? Na duba, ɗiyata, lambobi ne zalla, babu magana ko ɗaya ciki. Mi za ki yi da su?"

Ni na kai ta Tsibiri a babur. Filin ya watse, awaki na cin abin da suka samu. Ta duƙa tana tsinta, tana goge mai da yaji da bakin mayafinta, tana jera shafukan bisa lamba. Abin da ta haɗa bai kai rabi ba.

Na tsaya riƙe da babur, raina a ɓace, ina zagin kawu a zuci. Ban gaya mata cewa da hantsi ina filin nan ba. Tsinke biyu na ci, na goge hannuna da takardar, na dunƙule ta na jefar.