Sanarwar Tsutsar Albasa Ta Koma Waƙa

Jama'a, yau an rera sanarwata a Danchadi!

Ni ke tura wa ƙungiyarmu ta manoman albasa imel. Shugabanmu Alhaji Bello yac ce layukana na karyewa a wayarsa. Ya auna fuskar wayar da tsinken tsintsiya, ya karya, ya miƙo mini: "Kada layi ya wuce wanga."

Na bi tsinke. Kowane layi kalma huɗu!

Sanarwar kuwa ta tsutsa ce: a yi feshi kafin Lahadi.

Yau Litinin na iso taro, sai ga Malam Sani, mai karanta wa dattawa saƙo, yana rera ta, suna amshi!

Nic ce, "Malam, an yi feshin?"

Yac ce, "Wane feshi? Mu baiti na biyu muke jira!"