Kaka da Naman Juma'a

Kakana na wajen uwa ɗan Katolika ne, irin na da, wanda ko ruwa ba ya kai wa baki sai ya yi alamar gicciye. Mama ta musulunta ne da za ta auri Baba, kuma an ce Kaka ya yi fushi har ya ƙi zuwa ɗaurin auren. Ni ban riski wannan fushin ba. Wanda na sani tsoho ne siriri mai farar riga da ta sha guga, jan biro a aljihun ƙirji, carbinsa na coci a aljihun wando. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantar mishan, shi ya sa kowa ke ce masa Metir, wato malam da Faransanci.

Da lakiriz ta kama ƙasar, wato matsin nan da ya sa aka yi ta zaftare albashi ana sallamar ma'aikata, sai makarantar ta karɓe gidan da ta ba shi. Kakata ta riga ta rasu. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki mai amalanke ya kwaso tsohon da akwatinsa da tulin littattafansa zuwa gidanmu na katako a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Douala.

Unguwa ba ta sha wahalar sabawa da shi ba, don rabin ma'aikatan ofis na layinmu sun bi ta ajinsa. Sai ka ga alhaji da tumbinsa da babbar riga yana ɓoye taba a bayansa don ya hango Metir. Ya gyara wa tela Faransancin allon shagonsa ba tare da an roƙe shi ba. Da yamma yakan tara yaran layi a barandarmu yana koya musu lissafi, kuma da an kira salla zai rufe littafi ya ce, "Ku tashi, ana kiranku. Wanda ya makara wurin Allah, ko'ina ma zai makara."

Ni ce matarsa, kamar yadda wasan jika da kaka ya tanada. Ya koyi wannan wasan wurin Hausawa ya fi su iyawa. Kullum girkina bai yi gishiri ba, kullum zai ƙaro aure. In na ce ina lefena, sai ya ce, "Madam, haƙuri, sai lakiriz ta wuce."

Tsakaninsa da Baba kuwa sai kunyar surukuta. Kowace safiya Baba zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya gaishe shi, sannan ya ɓace kamar an kore shi. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In dole ta sa su magana, sai su yi ta da wani Faransanci mai sanyi irin na ofis.

Baba akawu ne a wani ofishin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, kuma shi ma an taɓa albashinsa. Nama ya koma sau ɗaya a mako a gidanmu, ranar Juma'a, in ya sauko daga masallaci ya biya wurin abokinsa mahauci. Tsoka mafi kyau kwanon Kaka take shiga. Kuma kowace Juma'a kwanon miyar nan haka yake dawowa, ko murfin ba a ɗaga ba. Kaka zai ci bobolonsa na rogo da soyayyar gyaɗa, ya kora da ruwa, ya aiko a ce an gode, ƙanshin kaɗai ya ƙosar da shi. Mu yara ba mu ga abin damuwa ba, gaba ta kai mu.

Baba ne abin ya tsaya wa a rai. Da farko ya ce haƙoran tsoho ne, ya koma sayen hanta. Hanta ta dawo. Ya ce wataƙila naman shanu ne ba ya so, ya sayo na rago. Rago ya dawo. Sai ya daina shiga taksi, yana takawa da ƙafa har tashar jirgin ruwa cikin ruwan saman Douala, don Juma'a ta zo da kaza. Kaza ma ta dawo da cinyoyinta biyu.

Bangon katako ba ya rufa wa kowa asiri. Na ji Baba yana ce wa Mama, "Har yanzu bai yafe mini ba. Yana zaune a gidana ne don ba yadda zai yi, amma ba zai ci yankana ba." Mama ta ce, "Wallahi ba haka ba ne," daga nan ta yi shiru. Wannan shirun ya ƙara tabbatar masa.

Shi ma Kaka yana nasa lissafin. Ya ga surukinsa yana ramewa, takalminsa ya cinye, ya ga duk saboda shi ne. Sai ya sanar cewa zai koma wurin wani ɗan ɗan'uwansa a Ndogpassi, can ƙarshen gari, inda ba ya da coci kusa, ba ya da ɗalibi ko ɗaya. Baba ya ce, "Yadda kuka ga ya dace, Papa," ya shige ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gida guda ana ta ladabi, tsoho kuma zai tafi.

Juma'ar da ya fara ɗaure littattafansa, na kai masa kwanon miya a tsakar gida. Baba yana ɗaki, labule kawai ya raba mu. Jika ce kaɗai ke da lasisin rashin kunya a gidan Bahaushe, na kuwa yi amfani da nawa da ƙarfi.

"Kai mijin nan, guduwa za ka yi ka bar ni? To kafin ka tafi ka faɗa mini. Baba ya ce ba ka cin naman gidan nan don ba ka yafe masa auren Mama ba."

Ludayi ya faɗi daga hannun Mama. Kaka ya cire tabarau, ya dube ni kamar na ce biyu da biyu biyar ne.

"Répète," in ji shi. Na maimaita.

"Mon Dieu. Madam, yau wace rana?"

"Juma'a."

"Ranar da Yesu ya sha wuya ke nan a wurinmu. Tun da aka yi mini baftisma ban ci nama ran Juma'a ba. Coci ta sassauta, yaran yanzu suna ci, ni na tsufa da nawa."

Ashe shi ke nan. Baba kuwa ina zai sani, alhali Kiristocin ofishinsu ran Juma'a suka fi kowa layi wurin mai tsire?

"To me ya hana ka faɗa?"

"Mutum ya ɗauke ni ranar da ba ni da wurin kwana, sannan in zo in sauya masa ranar cin nama a gidansa? Ni na sa uwarki ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba." Ya ɗaga murya kaɗan, yana kallon labule. "Maganar yafiya kuma, na gama da ita tun ranar da aka haifi wannan marar kunyar."

Labule ya motsa. Baba ya fito, ya sa takalmi, ya fice bai dubi kowa ba. Mama ta ce, "Kin ga abin da bakinki ya jawo." Na tsorata, ba ƙarya.

Can sai ga shi da ƙunshin takarda yana ɗigar mai. Gasasshen kifi ne daga wurin matan bakin titi, da barkono da miyondo, ƙanen bobolo na rogo. Maimakon ya miƙa wa Mama, sai ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya zauna gaban Kaka, ya buɗe ƙunshin a tsakaninsu. Kaka ya yi alamar gicciye, Baba ya yi bismilla, suka sa hannu. Mu duka muka tsaya muna kallon Baba yana tauna a gaban surukinsa, gumi na keto masa don kunya.

"Ci a hankali, ɗana," in ji Kaka, "akwai ƙaya."

Bai je Ndogpassi ba. Nama ya koma Lahadi, bayan ya dawo daga coci, kuma sai a lokacin muka gane tsohon nan ba ya barin ko ƙashi. Ya zauna da mu har lakiriz ta yi sauƙi, lefena dai shiru. Ina kewarsa har yau, kewa mai tsanani.

A ɗakinsa na gidanmu ya rasu, da damina. Da jikin ya yi nauyi, bai roƙi kowa komai ba, halinsa ne. Baba ne ya dube shi, ya ɗauki lema ya fita. Na leƙa ta taga na hango shi yana dawowa ta tsakiyar unguwar Hausawa da hularsa ta masallaci, ya ɗauko wa Kaka fada, limamin cocinsu, ya riƙe masa lema, shi kuma ruwa yana dukansa.