Yaya, Wa Zai Riƙe Hannun Auta?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, aka kira ni daga wurin aikinka, Yaya, aka ce ka yanke jiki ka faɗi a matakalar bene. Kafin in isa, rai ya yi halinsa.

A gida Mai Ɓeraye muke ce maka, don rabin rayuwarka a ɗakin bincike ka yi ta, kana kallon ɓeraye suna gudu a kan ɗan injin motsa jiki. Mun sha tsokanarka, kai kuwa sai dariya. Wata rana ka zaunar da ni a kicin, ka ce: "Ƙanwata, a cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wani sinadari, kamar mai gadin rumbu. In ƙarfi ya yi ƙasa, shi ke cewa a ƙona kitse da sukari, a dakata da ajiya. Ɓeran da nasa ke aiki sosai ya fi jure gudu. Nawa sinadarin ya rikice, sai tara sukari yake a tsokar zuciya har ta yi kauri. Shi ne sanadin Baba, kuma gadonsa ake yi."

Tun ranar nake lura da kai. In muna tafiya da Mama numfashinka ya gaza, sai ka durƙusa kana gyara igiyar takalmi, don kada hankalinta ya tashi.

Duk Asabar kai kake kai 'yata Auta filin wasa, yarinyar da ba ta san tafiya ba sai gudu. In ta dawo tana haki, sai ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ka ce agogonka kake gwadawa. Kai ka kai mu aka ɗebi jininmu, ni da ita, ka ce in sakamako ya fito za ka yi mini bayani da kanka. Bai fito ba har yau.

Tsoro nake ji, Yaya. Mutane kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yabo suke nufi, ni kuwa in na ji sai gabana ya faɗi. Jiya Auta ta shigo da gudu daga makaranta, ta miƙo mini hannu, ta ce, "Umma, gwada agogon." Na ɗora yatsuna inda kake ɗorawa. Na kasa gane bugun da nake ji, nata ne ko nawa.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta hutun da ƙirjinka bai taɓa ba ka ba. Allah ya ba Mama da matarka da abokan aikinka haƙuri. Wanda ya yi maka addu'a, ya haɗa da Auta.