Abednego, Mai Sauraron Tagogin Jimeta

Malam Abednego Hosea ya ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, bayan kusan shekara ashirin yana haɗa ƙararrawar ɓarayi a shaguna da gidajen Yola da Jimeta. Ba a yi masa liyafa ba. Kunnuwansa ne suka gaza: na hagu ya mutu tun tashin bam na kasuwar Jimeta a 2015, na dama kuma ya bi sahu a hankali.

A sana'arsa kunne shi ne jari. Na'urar da ke gane fashewar gilashi iri biyu ce. Ɗaya a bango ake kafa ta, tana sauraron ƙarar tarwatsewa. Ita yake kira mai kunne. Ɗayar a jikin gilashin ake manna ta, girgiza take ji. Zaɓi tsakanin waɗannan biyun shi ne abin da aka san shi da shi.

Kullum da safe yakan fito daga gidansa na Gwadabawa da jakar kayan aiki da bokiti, ya tari keke. In ya isa wurin aiki ba ya fara huda bango. Kujera yake nema ya zauna, wani lokaci har la'asar, yana sauraron janareton maƙwabci, da ƙarar kwalaben lemo in ana sauke su, da gangar cocin bayan layi. Ko kaurin labule sai ya taɓa. Daga nan ya fasa guntun gilashi a cikin bokitin, ya ga ko na'ura za ta amsa. Wani mai sayar da waya ya tuna ranar da ya kira shi: "Ya dubi tagata ya ce, Oga, luba ce wannan, gilashi falle-falle. Ɓarawo ba ya fasa luba, zarewa yake yi. Je ka sa ƙarfe. Ya ɗauki bokitinsa ya tafi."

Abin da ya sa ni wannan rubutu a Rumde ya faru, a kemis ɗin Hajiya Nuriyya, wadda unguwa ke kira Goggo. Bayan hare-haren wancan lokaci masu shaguna sun yi ta manna wata leda mai kauri a gilashinsu, don in bam ya tashi kada ɓarɓashi ya yanki mutane. Abednego na cikin waɗanda suka ba da shawarar, domin ya ga abin da gilashi ya yi wa fuskoki a kasuwa. Abu ɗaya ya ɓace masa: gilashi mai leda ba ya tarwatsewa da ƙara, tsagewa yake yi ya lotsa. Mai kunne ba ta jin wannan.

Wata safiya Goggo ta zo buɗe shago ta tarar an ɓurma gabansa, gilashi na reto a jikin leda, firjin allurar masu ciwon suga wayam. Mai kunnen da Abednego ya kafa mata ba ta ce uffan ba.

"Bappa, wannan abin naka kurma ne ko munafuki?" ta tambayi Abednego a gaban jama'a da ya iso.

"Kurma ne, Goggo. Ni na kurmantar da shi."

"To kun zama biyu. Kana ma ji na?"

"Ki zagayo ta dama."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya bi duk inda ya taɓa yin aiki, daga Rumde har Yolde Pate, ko'ina ya ga leda ya kwance mai kunne ya manna mai jin girgiza. Matarsa Keturah ta ce damina guda ya ƙarar a wannan yawon, yana dawowa ƙafa a kumbure. Wasu sun gode. Wasu sun ce sabon ciniki yake nema. Wasu shagunan a kulle ya same su, masu su sun bar gari.

Kai ne ba ka jira an fasa shago na biyu ba, Abednego. Kai ne ka ɗauki laifin da za ka iya ɗora wa leda, ko wa zamani, babu mai musa maka. Mai haƙurin zama, mun gode.

Bana Goggo ta faɗaɗa kemis ɗin, ta sa sabon gilashi, ta aika masa. Ya zo ya zauna kamar kullum. Kafin azahar ya miƙe.

"Goggo, ina ganin hayaƙin janareton can, amma ba na jin sa. In na zaɓar miki, ƙarya zan yi."

"Zaɓi da ido mana, Bappa."

"Da ido na zaɓa wancan karon."

A ranar ya yanke shawarar ajiye aiki.

Masu wannan sana'a sun yi yawa yanzu a Jimeta, kuma da yawansu sun fi shi sanin sababbin na'urori. Abin da za su koya a wurinsa ba shi da wuya: su nemi kujera kafin su ɗauki abin huda bango, su kuma koma inda suka yi kuskure ba sai an kira su ba.

Goggo ta kira wasunsu. Duk wanda ya fara awon bango bai zauna ba, sai ta sallame shi. Na'urorin biyu, mai kunne da mai jin girgiza, suna nan cikin kwalayensu a kan kanta, kuma har jiya sabon gilashin babu ko ɗaya a jikinsa.