Allon da Aka Ba Dakta Basharu

Inna Tasalla mai fura ce a Gwandu, kuma babu karramawar da ta sani a duniya irin ta saukar karatu: a ba yaro allo mai zayyana, ya karanta a gaban jama'a, a yanka rago. Haka ta yi wa 'ya'yanta duka, ban da Basharu, wanda boko ya ɗauke tun bai kai rabi ba.

Basharu ya zama malamin jami'a a Kalgo, har ana ce masa Dakta. Da ya aiko cewa za a karrama shi, sai ta dama fura, ta hau motar haya.

A zauren taro aka yi ta zuba Turanci, ba ta tsinci komai ba. Can aka kira sunansa, wani mai jar alkyabba ya miƙa masa katako mai sheƙi da rubutu a jiki. Aka tafa, ya koma ya zauna, ko harafi bai karanta ba.

Da aka fito ta ja shi gefe. "Basharu, wanga allon sauka ne?"

"A'a Inna, lambar yabo ce, saboda koyarwa da bincike."

"To mi kake bincike?"

"Abin da ba mu sani ba tukuna."

Ta juya allon gaba da baya, ta dubi ɗalibansa da ke ta ɗaukar hoto. Sai ta rage murya, don kada ta tona masa asiri.

"Ɗiyan mutane sun san har yau ba ka sauke ba?"