Na ga Inna a kwamfuta, ban danna ɗauka ba

Jama'a, yau na ga Inna mahaifiyarmu, shekara tara bayan rasuwarta.

Kun san tsohon katin nan nawa mai kwashe bidiyo daga kaset zuwa kwamfuta? Tun da na sa sabuwar manhaja ya ƙi aiki. Sati biyu ina fama da shi. Yau da safe kawai ya kama!

Na zaro wani kaset marar rubutu daga buhu, na sa a injin bidiyo don gwaji kawai. Hoto ya fito. Ashe bikin sunan ƙanina ne a Tsohon Birnin Gwari. Ga Inna tana rabon waina, tana dariya. Har muryarta na ji.

Maimakon in danna ɗauka, sai na kira Yaya Hajara. "Yaya, ga Inna a bidiyo, hau mashin ki zo shago yanzu!"

Ina ajiye waya, injin ya cinye kaset. Danshin damina ya riga ya ruɓar da zaren kaset ɗin. Na ja a hankali, ya tsittsinke a hannuna.

Yaya ta shigo tana haki. Na nuna mata zaren.

"Amma ka ɗauka, ko?"

Na girgiza kai.

Ta zauna a benci. Sannan ta ce, "To faɗa mini, wane zane ta ɗaura?"